Yadda Sharfaddeen Ya Fitar da Faifan Sarkin Kaboyi

A shekarar 1998 Hausawan da ke sarin kaya a Guangzhou ba su da yawa. In ka zauna a ɗakin abincin Hajiya Saude daga azahar zuwa la'asar, ka gama ganinsu kaf. Ɗaki ne a hawa na huɗu na wani bene da ke bayan titin Guangyuan, tebur uku, fanka ɗaya, da tukunyar miyar kuka da ba ta sauka daga wuta. A nan ake cin tuwo, a nan ake jin farashin kwantena, kuma a nan Sharfaddeen ya kafa kujerarsa.

Sharfaddeen ɗan Fagge ne. Takalma ya zo saye a Zhanxi, amma in ka saurari bakinsa sai ka rantse shi ya shimfiɗa titin. Watansa biyu a garin, ya ce Sinanci ya zauna masa har mafarki yake yi da shi. Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinsa dai uku ne: nihau, lauban, sheshe, wato sannu, maigida, na gode. Da su yake ciniki, da su yake tambayar hanya, da su ya taɓa yi wa mai tasi faɗa.

Akwai wani dattijo ɗan Maraɗi, Illa, mai sayen gwanjon riguna a kasuwar Shisanhang. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma yana da kaset guda ɗaya da yake ajiyewa a aljihu ɗaya da fasfo. Wansa Abdoulaziz, direban babbar mota, shi ya naɗe shi shekara ashirin da suka wuce, daga faifan garmaho na wani Bature injiniya da ya taɓa ɗauka a hanyar Arlit. Waƙoƙin farko ne na mawaƙin Amurkan nan mai murya kamar ana jan turmi a ƙasa, wanda direbobi suka laƙaba wa Sarkin Kaboyi, tun yana saurayi, daga shi sai jita da wani kiɗa mai sukuwa. Kafin kowace waƙa Abdoulaziz yakan yi bayani da Hausa, ya ce wannan ta mutumin da jirgin ƙasa ya tafi ya bari ce, wannan ta ɗan kurkuku ce. Ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya, amma bai taɓa rasa bayani ba. Ya rasu a hatsarin mota, bai bar hoto ba, bai bar ɗa ba. Muryarsa a duniya ba ta saura ko'ina sai a cikin wannan kaset.

Wata Asabar Illa ya sa kaset ɗin a rediyon Hajiya Saude. Waƙa biyu ta wuce, sai Sharfaddeen ya ajiye cokali.

"Baba Illa, ka san abin da kake yawo da shi a aljihu kuwa? Wannan fa su ne na farko-farko. Ko a Amurka yanzu ba kowa ke da su ba."

Tankari, wani ɗan Yamai da ya daɗe a garin har yake jin Sinanci na gaske, ya ce, "Kai ka je Amurkar?"

"Ba sai na je ba. Ni a kan waƙar kaboyi aka yaye ni. Duk abin da mutumin nan yake faɗa ina ji."

"To mi ya ce yanzu?"

"Abin da ya ce ya fi ƙarfin fassara," in ji Sharfaddeen, ya koma kan Illa. "Ka ba ni aronsa kwana kaɗan. Akwai masana'anta a bayan gari da ke buga faifan sidi. Zan tattara waƙoƙin nan duka a faifai ɗaya, in cika Kano da su, daga Sabon Gari har Ƙofar Wambai. Duk direban da ke arewa sai ya saya."

Illa ya girgiza kai. "Wanga kaset ba ya kwana wajen kowa. Akwai ma abin da aka ce mani game da shi."

Sharfaddeen bai bari ya ƙarasa ba. Wawa ne, amma irin wawan da ya san inda miki yake. Ya sassauta murya ya ce, "Baba, ka ji yadda zaren yake rawa a waƙa ta biyu? Kaset mutuwa yake yi. Yau shekara ashirin, gobe rediyo ya tauna shi, shi ke nan muryar marigayi ta bi shi. Faifan sidi kuwa ba ya mutuwa. Jikokinka za su ji, jikokin jikokinka za su ji."

Illa ya ƙura wa rediyon ido. Hajiya Saude ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu.

"Alhaji Illa, ni dai ko murfin tukunya ba zan ara wa Sharu ba."

Amma maganar jikoki ta riga ta shiga. Illa ya ciro kaset ɗin, ya shafa shi da babban yatsa, ya miƙa. "Bon. Amana ce, ɗan Kano."

"Ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba," in ji Sharfaddeen.

Washegari ya fara da abin da ya ga ya fi muhimmanci, wato shiga. Ya je Zhanxi ya sayi takalman kaboyi masu tsinin baki da dogon dunduniya. Lambarsa babu, mai shago ya ce meyo, wato babu, sai ya ɗauki na ƙasa da ita, ya ce fata ai buɗewa take yi. Ya samo malafa mai faɗi kamar faifan shanya. Ya hau benen Hajiya Saude yana ƙwas ƙwas, ya sauko daga hawa na biyu da gindi, dunduniya ɗaya ta rigaye shi isa ƙasa.

"Ina dokin?" in ji Tankari daga sama.

"Haka suke saukowa a can."

Sai maganar hoton bangon faifai. Ba wanda yake da hoton mawaƙin. Wani zai ga wannan matsala ce, Sharfaddeen kuwa dama ya gani. Ya shiga shagon mai hoto, ya ari jitar roba ta ado da ke rataye a bango, ya karkata malafa, ya ɗaure fuska kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce ai a Kano ba wanda ya taɓa ganin mutumin, kuma a ƙarƙashin malafa kowa kaboyi ne.

Ranar Talata da safe ya tuna Kallamu, wani ɗan Kurna mai kai-komo da kaya, zai tashi zuwa Kano ta Hong Kong. A zamanin nan kiran waya gida sai mai ƙarfin hali. Abin da kowa ke yi shi ne ya naɗi saƙonsa a kaset, ya ba matafiyi, a can gida a taru a saurara, a maido amsa. Sharfaddeen ya kulle ɗakinsa, ya cire takalman da ƙyar, ya tsoma ƙafafu a bokitin ruwa, ya danna rakoda. Minti arba'in yana yi wa matarsa Mas'uda magana, irin maganar da mutum ba ya yi sai ya tabbatar ƙofa a kulle take.

Da ya gama, ya dubi kaset ɗin Illa ya ga gidansa ya tsage, ya yi datti. Ya ce ba zai shiga ofishin babban lauban da wannan abin kunya ba. Ya sa shi a sabon gida, ya naɗe shi a takardar ruwan ƙasa ya manne da salatif. Na Mas'uda ma haka. Ƙunshi biyu iri ɗaya sak. Ya ɗauki biro zai rubuta suna, sai ya mayar. Rubutu ai na masu mantuwa ne. Na dama na Kano, na hagu na masana'anta. Ya zuba su a aljihun riga, ya tsaya gaban madubi ya gyara malafa, ya juya ya dubi bayansa, ya sake juyowa, sannan ya fita.

Kallamu ya karɓi nasa a bakin otal. Tankari ya raka Sharfaddeen masana'anta don tafinta, duk da shi Sharfaddeen ɗin ya ce rakiya kawai yake so, don hanya da nisa.

Lauban ɗin masana'antar wani ɗan siririn mutum ne mai tabarau, ya ba su shayi a kofuna ƙanana. Kowane ɗan kasuwa a garin ya san yadda ake aiki da irin waɗannan wurare: abin da ka ba su samfur, shi za su fitar maka, ba ƙari ba ragi. An taɓa ba su riga mai ƙunar guga a kafaɗa, suka buga dubu da ƙunar. Sharfaddeen ya ɗora ƙunshin a tebur, ya ɗora hotonsa a kai, ya ɗaga yatsu uku.

"Dubu uku. Sak da sak. Gaya masa ko tari aka yi a ciki kada a cire."

Bayan kwana huɗu lauban ya aiko a kira su. Suka tarar da shi da abin saurare na kunne a hannu, fuskarsa da damuwa. Ya yi wa Tankari dogon bayani.

"Ya ce babu kiɗa a ciki. Wani mutum ne yake ta magana."

Sharfaddeen ya yi dariyar masana. "Marigayi Abdoulaziz ke nan. Shi yake buɗewa. Saboda muryar nan ma aka ba ni kaset ɗin. Ya kuskura ya taɓa ta, ni da shi ne."

Lauban ya ƙara magana, yana nuna idonsa da yatsa.

"Ya ce mutumin kamar kuka yake yi."

"To waƙar kaboyi mene ne in ba kuka ba? Ka ga illar rashin ilimi."

Lauban ya miƙo abin sauraren da hannu biyu, yana roƙo a ji ko minti ɗaya. Tankari ya kai hannu, Sharfaddeen ya buge hannun.

"Wato ka ji, gobe in ga ka buga naka ka rigaye ni Yamai. Ba wanda zai ji sai ranar buɗewa."

"To kai ka ji mana."

"Ni? Abin da na haddace? Mai tuwo ba ya tambayar ɗanɗanon tuwonsa." Ya juya ga lauban ya ɗaga babban yatsa. "Sheshe, lauban. Nihau."

Lauban ya dubi Tankari, Tankari ya dubi silin. Aka buga.

Kwalaye suka fito bayan mako biyu, kowane faifai a leda mai sheƙi, ga Sharfaddeen a bango da malafa da jitar roba, a sama an rubuta da manyan baƙaƙe: Waƙoƙin Farko Na Sarkin Kaboyi, Cikakku. Bai buɗe ko ɗaya ba, don ya ce faifan da aka ɓare darajarsa ta ragu. Ya ware kwali guda, sauran duka ya cusa su a kwantenar wani abokin Tankari da za ta tashi zuwa Legas, da sunan dilolinsa na Kano a jiki. Sai da ya tabbatar jirgin ruwa ya bar gaɓa sannan ya sa ranar buɗewa: Juma'a bayan masallaci, a ɗakin Hajiya Saude.

Illa ya tare shi a matakala. "Ina kaset ɗina?"

"Yana hannun lauban, a cikin akwatin ƙarfe. Ranar Juma'a zan miƙa maka shi tare da faifanka, a gaban jama'a."

Ranar Juma'a ɗakin ya cika har matakala. 'Yan Kano, 'yan Maraɗi, 'yan Yamai, har da wasu 'yan Kumasi biyu da suka ji an ce akwai shinkafa. Kallamu ma ya sauka a ranar, ya zo da jakar saƙonni a kafaɗa. Illa ya sa farar shadda, ya zauna a gaba, hannayensa a kan gwiwa. Duk wanda ya dube shi ya san ba waƙa ya zo ji ba, wansa ya zo ji.

Sharfaddeen ya yi jawabi na minti ashirin. Ya ce akwai masu sayen takalma, akwai masu sayen gwanjo, akwai kuma masu hangen nesa. Ya miƙa wa Illa ƙunshin da ya karɓo daga masana'anta, ya ɓare faifai, ya sa a na'urar da ya aro, ya murɗa murya har ƙarshe.

Aka ji ƙarar ruwa a bokiti. Aka ji wani ya ja majina.

"Salamu alaikum, Mas'uda. Ni ne. Ki kori yara, ki rufe ƙofa, kada ki bari kowa ya ji wannan kaset."

Sharfaddeen ya yi tsalle zai kashe, dunduniyar da aka manna ta sake tsinkewa, ya zube a kan kwali. Tankari ya ɗauke na'urar ya rungume.

"Bari mu ji marigayi," in ji shi.

"Mas'uda, ina shan wuya a garin nan," in ji faifan. "Yarensu ba na jin komai, kalma uku na iya, ɗayar ma ban tabbatar da ma'anarta ba. Shekaranjiya na ɓata daga Shisanhang, awa huɗu ina zagaya gada ɗaya, har na zauna na yi kuka, wata tsohuwa ta ba ni lemo. Ƙafafuna duk sun yi bororo. Abinci kuwa, akwai wata Hajiya Saude, tuwonta in kika jefi kare da shi sai an yi masa ɗori."

Hajiya Saude ta ajiye tire a hankali. "Ƙaro murya, Tankari."

"Ta ƙure, Hajiya."

Faifan bai bar kowa ba. Tankari ɗan baƙin ciki ne mai warin tafarnuwa. Kallamu yana buɗe saƙon mutane yana ɗiban kilishi. 'Yan Kumasi ma, da ba su yi masa komai ba, sun samu rabonsu. Ana ta dariya, kowa na jiran a zo kan maƙwabcinsa, har aka zo kan waƙar.

"Na samu wani tsoho ɗan Maraɗi na yi masa daɗin baki ya ba ni kaset. Wallahi Mas'uda ban san me mutane ke ji a ciki ba, wani Bature ne yake gurnani kamar sa ya ga wuƙa. Amma direbobi suna so. Ki aiko min da yaji da daddawa da man zafi."

Dariyar ta ragu. Illa bai ko dubi Sharfaddeen ba. Ya yage takardar ƙunshin da ke hannunsa, ya ga sabon kaset fil, ba nasa ba. Ya ɗago kai.

"Ina kaset ɗina?"

Sharfaddeen ya dubi kaset ɗin, ya juya ya dubi Kallamu. Kallamu ne ya zuge jaka, ya ciro wani ƙulli.

"Ga amsar da matarsa ta bayar. Da yaji."

Kaset ɗin Illa ne, kowa ya gane tabon da ke gefensa. Sai dai a ramukan nan biyu na sama, waɗanda Abdoulaziz ya ɓalle tun da daɗewa don kada a yi naɗi a kai, an cusa 'yar takarda an danne. Duk wanda ya taɓa aika saƙo gida ya san ma'anar wannan takarda. Illa ya tashi da kansa ya sa shi a rediyon Hajiya.

"Salamu alaikum, Baban Hadi," in ji muryar mace, garau. "Mun ga saƙo. Mun taru har da Inna, muka sa, sai muka ji wani Bature yana waƙa, wani mutumin Nijar yana sa masa baki. Muka jira ko za ka yi magana, shiru. Inna ta ce ƙila ba ka da abin cewa ne. To da yake babu sabon kaset a gidan, na toshe ramin na naɗa a kai, kamar yadda muka saba. Ga Inna za ta gaishe ka."

Inna ta gaishe shi. Kawu ya gaishe shi. Maƙwabta suka shigo layi, mai shago na bakin lungu ya yi nasa, aka ba da labarin akuyar da ta haihu da katangar da ta faɗi. Sharfaddeen ya fara zamewa wajen ƙofa, takalmi ɗaya a hannu.

"Zauna," in ji Illa, bai ɗaga murya ba. "Saƙonka ne. Za mu ji shi har ƙarshe."

Fuska ta farko ta ƙare. Illa ya juya kaset. Shinkafa ta huce a tire, ba wanda ya taɓa. Mutanen da suka yi dariya ɗazu yanzu kunya ta rufe su, don kowa ya gane abin da dattijon yake jira: ko gaisuwa za ta ƙare kafin zare ya ƙare. Mutanen Fagge kuwa akwai zumunci. Sai da aka kusa la'asar Mas'uda ta ce, "To, mun gama, sai mun ji daga gare ka." Aka ji ƙas.

Sai ga wutsiyar kiɗan jita, bugu uku ko huɗu, ta mutu. Sannan wata murya mai kauri, da dariya a cikinta, kamar mai ita yana zaune a ɗakin.

"To Illa, iyakar waƙoƙin ke nan. Ka riƙe shi da kyau, ƙanena. Kada ka ara ma kowa."

Zare ya ƙare, rediyo ya tsaya da kansa.

Illa ya matsa kusa da rediyon. Sannan ya ciro kaset ɗin, ya zare takardun nan biyu da farce, ya sa shi a aljihun fasfo ya maɓalle. Hajiya Saude tana share ido da gefen mayafi, ta ma manta da zancen tuwo. Dattijon ya sunkuya kan kwalin da ya fashe, ya ɗauki faifai ɗaya, ya dubi hoton mai malafa da jitar roba.

"Ɗan Kano, sauran suna ina?"

"Suna kan teku, Baba," in ji Sharfaddeen da muryar da ba a san shi da ita ba.

"Kuma ka ce wanga abu ba ya mutuwa?"

Sharfaddeen ya gyaɗa kai.

"Madalla," in ji Illa, ya sa faifan a aljihu. "Jikokinka za su ji."